Ambroise Pare, Wanzamin Da Ya Hana Zuba Tafasasshen Mai A Raunin Soja

A ƙasar Faransa, cikin ƙarni na 16, akwai mai iri biyu waɗanda ba wanda yake jayayya da darajarsu. Na farko yana cikin wata 'yar kwalba da aka adana a birnin Reims, da shi ake shafe sarki ran naɗinsa, jama'a kuma sun gaskata daga sama aka saukar da shi. Na biyu kuwa a tukunya ake tafasa shi a bayan fagen fama, a tsiyaya shi cikin raunin sojan da harsashi ya sama, domin littattafan likitoci sun ce haka ya wajaba a yi. A tsakanin waɗannan biyu Ambroise Pare ya yi zamaninsa. Ya yi aiki a ƙarƙashin sarakuna huɗu waɗanda aka shafe da na farkon, shi ne kuma ya kama hanyar kawar da na biyun. Saboda haka ne ake lasafta shi cikin iyayen aikin tiyata na zamani, alhali kuwa da wanzanci ya fara, bai kuma taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Asalinsa Da Koyon Sana'a

An haifi Pare wajen shekarar 1510 a wani ƙauye mai suna Bourg-Hersent, kusa da garin Laval a arewa maso yammacin Faransa. Gidansu gidan masu sana'ar hannu ne, wansa ma wanzami ne a garin Vitre. Bai sami karatun Latin ba, wanda shi ne harshen ilmi a Turai a lokacin, sai aka sa shi koyon wanzanci tun yana yaro.

A wancan zamani masu aikin magani a birnin Faris hawa uku ne. Na sama su ne likitocin jami'a, waɗanda suka haddace littattafan Bukuraɗu da Jalinusu da Ibn Sina. Su nasu duba fitsari ne da rubuta magani, suna ganin taɓa wuƙa ƙasƙanci ne. Na tsakiya su ne 'yan ƙalilan masu fiɗa na ƙungiyar Saint-Come, masu dogayen riguna, waɗanda su ma suke taƙama da Latin. Na ƙasa kuwa su ne wanzamai, masu aski da tsaga da ƙaho da cire haƙori da ɗaurin miki. Su ne aka fi rainawa, su ne kuma suka fi kowa ganin jini.

Da Pare ya zo Faris, sai ya sami shiga Hotel-Dieu, babban asibitin matalauta da ke gefen majami'ar Notre-Dame, wajen shekarar 1533. Ya yi kimanin shekara uku a can, a wurin da akan kwantar da majiyyata da yawa a gado ɗaya. Ya ga annoba, ya ga karaya da gyambo iri iri, ya kuma sami damar feɗe gawa don ya san yadda jikin mutum yake. Abin da ya karanta kuwa bai wuce littattafan da aka fassara da Faransanci ba, musamman na Guy de Chauliac, wanda ya ɗebi ilminsa da yawa daga Jalinusu da Ibn Sina da Abul Ƙasim Zahrawi na Andalus, da kuma na wani Ba'italiye mai suna Giovanni da Vigo.

Matsayin Mai A Addini Da Magani

Ba za a gane girman abin da Pare ya yi ba sai an san matsayin mai a zukatan mutanen da ya tashi a cikinsu. Tun zamanin da, al'ummun da ke kewaye da Bahar Rum sun ɗauki man zaitun abin ci, abin haske, abin shafawa. Littattafan Bani Isra'ila sun faɗi yadda ake haɗa man keɓewa daga zaitun da mur da kirfa da waɗansu kayan ƙanshi, a shafe firistoci da kayan ibada da shi. Sun kuma ba da labarin cewa Annabi Shamwilu ya zuba wa Ɗalutu mai a ka don ya zama sarki, daga baya kuma ya shafe Dawuda. Ma'anar shafewar ita ce an keɓe mutumin, an sa shi ƙarƙashin tsaron Allah. Kalmar Almasihu da kanta daga nan ta fito, watau wanda aka shafe. A Musulunci babu ibadar shafe sarki, amma Alƙur'ani ya ambaci zaitun da albarka, hadisi kuma ya kwaɗaitar da cin mansa da shafa shi.

Majami'ar Katolika ta gaji shafewar nan ta kuma faɗaɗa ta. Ana shafa wa jariri mai a lokacin baftisma, ana shafa wa limamin da za a naɗa, ana kuma shafa wa majiyyacin da ya kusanci ajali, abin da ake kira shafen ƙarshe. Ta wajen magani kuma, likitocin Yunan da Rum sun yi amfani da mai wajen tausa da sanyaya kumburi da tausasa miki. Mafi shahara shi ne man wardi, wanda ake samu ta jiƙa furen wardi cikin man zaitun. Likitocin Musulmi sun inganta wannan fanni, har Zahrawi ya ware wa mayuka babi guda cikin babi 30 na littafinsa. Don haka a idon mutumin ƙarni na 16, mai abu ne wanda addini ya tsarkake, magabata kuma suka yaba.

Da bindiga ta bayyana a yaƙe-yaƙen Turai, sai likitoci suka ga raunukanta suna baƙi, suna ruɓa, suna kashe mutum fiye da na takobi. Vigo, wanda likitan Paparoma Julius na Biyu ne, ya rubuta a littafinsa na shekarar 1514 cewa albarushi dafi ne, kuma maganin dafin shi ne a ƙone raunin da tafasasshen mai wanda aka gauraya da haɗin maganin dafi. Littafin ya bazu ko'ina, maganarsa kuma ta zama kamar doka.

Daren Da Mai Ya Ƙare

A shekarar 1536 yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Sarki Francois na Ɗaya na Faransa da Sarkin Sarakuna Charles na Biyar. Pare ya bi wani babban hafsa mai suna Montejan zuwa arewacin Italiya a matsayin wanzaminsa. Cikin 1537 sojojin Faransa suka kai hari ga wani gida mai ganuwa a kan hanyar Turin, aka sami raunuka masu ɗimbin yawa. Pare bai taɓa ɗaure raunin bindiga ba, sai ya dubi yadda na gaba da shi suke yi, ya bi sawunsu yana zuba tafasasshen mai. Kafin ya gama da majiyyatansa sai man ya ƙare. Da ya rasa yadda zai yi, ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da ƙaron itacen tarfentin, ya shafa wa sauran a sanyaye, ya ɗaure.

Ya faɗa a littafinsa cewa daren nan bai yi barcin kirki ba, don tsoron kada ya tarar dafi ya kashe waɗanda bai ƙona ba. Tun da asuba ya je duba su. Sai ya iske sun kwana lafiya, ciwo kaɗan suke ji, raunukansu ba kumburi. Waɗanda aka zuba wa tafasasshen mai kuwa suna fama da zazzaɓi da raɗaɗi, bakin raunukansu ya kumbura. Nan take ya ƙudura ba zai ƙara ƙona ɗan Adam haka ba. Shekarunsa a lokacin ba su wuce 27 ba.

Ƙarewar man tsautsayi ne, kuma watakila ya taɓa faɗa wa wani wanzamin kafinsa. Bambancin Pare shi ne ya tsaya ya gwada kashi biyun nan da juna, sa'an nan ya yarda da abin da idonsa ya gani ko da ya saɓa wa littafi. Wannan hali ya sake bayyana a Italiya ɗin, sa'ad da wani yaron kicin ya faɗa cikin tukunyar mai mai zafi. Wata tsohuwa ta ba Pare shawarar ya daka ɗanyar albasa da gishiri ya shafa. Bai raina ta ba, ya gwada. Daga baya da aka kawo sojan da albarushi ya ƙone wa fuska, sai ya sa albasa a gefe guda, maganin da aka saba a ɗaya gefen, don ya ga wanne zai fi.

Amma fa bai kuɓuta daga camfin zamaninsa ɗungum ba. A Turin akwai wani mai fiɗa da ya yi suna da wani man sirri na raunin bindiga. Pare ya shekara biyu yana bin sa da kyauta kafin ya faɗa masa haɗin, ashe 'yan kwikwiyo sabbin haihuwa ake dafawa cikin man wani fure, a zuba tana da ƙaron tarfentin. Pare ya karɓa da murna, ya daɗe yana aiki da shi, domin ya ga shi ma mai ne mai taushi wanda ba ya ƙuna.

Daga Sansani Zuwa Fada

Bayan mutuwar Montejan ya koma Faris, ya ci jarrabawar zama cikakken wanzami a 1541, ya kuma auri Jeanne Mazelin a shekarar. A 1542, a yaƙin Perpignan, aka harbi babban hafsa Brissac a kafaɗa, likitoci suka nemi harsashin suka rasa. Pare ya sa shi ya tsaya yadda yake a lokacin da aka harbe shi, ya bi hanyar raunin da hannu, ya gano inda harsashin ya maƙale. Wani malamin jami'a mai suna Sylvius ya ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta abin da ya gani, sai ya fitar da littafinsa na farko a 1545, kan yadda ake jinyar raunukan bindiga. Da Faransanci ya rubuta shi, yadda kowane wanzami zai iya karantawa. Hujjarsa ita ce kayan haɗin albarushi, watau gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, ba wanda yake dafi a cikinsu, kuma murƙushewar nama da ƙashi ce take ɓata raunin. A 1552 aka buga littafin wani likitan Bologna mai suna Maggi, wanda shi ma ya kai ga wannan matsayi.

A cikin 1552 ɗin ne Pare ya ɗauki mataki na biyu. Al'adar lokacin ita ce idan aka yanke ƙafa ko hannu, sai a yi wa dungun lalas da jan ƙarfe don jini ya tsaya. A yaƙin Damvillers ya yanke ƙafar wani hafsa, ya kama jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure su da zare, mutumin kuwa ya warke. Jalinusu da Zahrawi sun riga sun ambaci ɗaurin jijiya, amma Pare ne ya mai da shi hanyar aiki wajen yankan gaɓa a fagen fama. A shekarar ce Sarki Henri na Biyu ya ɗauke shi cikin masu fiɗarsa. A ƙarshenta kuma aka shigar da shi birnin Metz a ɓoye, ɗauke da magunguna, alhali rundunar Charles na Biyar ta yi wa garin ƙawanya. A 1553 abokan gaba suka kama shi a Hesdin, ya fanshi kansa ta warkar da tsohon gyambon wani hafsansu. A 1554 ƙungiyar Saint-Come ta karɓe shi duk da rashin Latin ɗinsa, don ba ta da ikon ƙin mutumin sarki.

Man Sarakuna

A fada Pare ya zauna kusa da ɗaya man. Labarin da Faransawa suka riƙe shi ne, ran da aka yi wa Sarki Clovis baftisma a Reims wajen ƙarshen ƙarni na 5, wata kurciya ce ta sauko da 'yar kwalbar mai. Babban limamin Reims, Hincmar, shi ya yaɗa labarin a ƙarni na 9. Ran naɗi akan ɗebo ɗan ƙwaya daga kwalbar da allurar zinariya, a gauraya da man majami'a, a shafa wa sarki a ka, da ƙirji, da tsakanin kafaɗu, da kan kafaɗun, da gwiwoyin hannu, da tafuka. Haka aka yi wa Henri na Biyu a 1547, da Francois na Biyu a 1559, da Charles na Tara a 1561, da Henri na Uku a 1575. Dukansu Pare ya yi musu aiki, daga 1562 kuma shi ne shugaban masu fiɗa na fada.

An gaskata cewa shafewar tana ba sarki ikon warkar da wata cutar kumburin kaluluwar wuya, don haka majiyyata kan taru ɗaruruwa, har daga Sifen, sarki ya taɓa su ɗaya ɗaya. Yanzu an san ƙwayar tarin fuka ce take kawo cutar, kuma takan lafa don kanta, abin da ya sa imanin ya daɗe. Amma shafewar ba ta tsare jikin sarki daga ajali. Ran 30 ga Yuni 1559, a wasan sukuwa da mashi, tsinken mashin da ya karye ya shiga ta idon Henri na Biyu. Aka kirawo shahararren masanin jikin mutum, Vesalius, daga Brussels, amma sarki ya cika ran 10 ga Yuli. Pare yana cikin masu fiɗa na fada a lokacin, ya kuma rubuta bayanin raunin a littafinsa na 1561 kan raunukan kai. A shekarar 1561 ɗin shi ma doki ya harbe shi ya karya masa ƙafa har ƙashi ya fito. A ƙauyen da aka kai shi ba a sami kome ba sai farin ƙwai da garin alkama da kunkunniya da narkakken man shanu, da su aka ɗaure masa, ya kuwa warke.

Mai yana cikin abubuwan da Kiristocin zamanin suka yi saɓani a kai. Calvin da mabiyansa 'yan Furotesta sun ƙi shafen ƙarshe, suna cewa baiwar warkarwa ta ƙare da manzannin farko. Taron malaman Katolika na Trent kuwa ya tabbatar da shi a 1551 a matsayin ibada ta gaskiya. Daga 1562 saɓanin ɓangarorin biyu ya zama yaƙin basasa. Ran 22 ga Agusta 1572 aka harbi jagoran Furotesta, Coligny, a Faris, sarki ya aiki Pare ya yi masa jinya. Bayan kwana biyu aka kashe Coligny, aka kuma karkashe dubban mabiyansa. Waɗansu marubutan zamanin sun ce Pare ɗan Furotesta ne, sarki da kansa ya ɓoye shi a ɗakinsa a daren nan. Rajistar majami'a kuwa ta nuna a Katolika ya yi aurensa, a can kuma aka yi wa 'ya'yansa baftisma. Abin da ya tabbata shi ne ya yi jinyar kowane ɓangare, kuma a rubuce-rubucensa yakan danganta waraka ga Allah, ya ɗauki nasa aikin bai wuce ɗaurin miki ba.

Gwagwarmaya Da Malaman Jami'a

Pare bai sa baki cikin gardamar man majami'a ba, amma duk abin da aka kawo da sunan magani yana ganin wajibi ne a gwada shi. Wata rana a Clermont aka kawo wa Charles na Tara wani dutse da ake samu a tumbin dabbobi, aka ce yana karya kowane dafi. Pare ya ce ba zai yiwu ba. Aka kawo wani kuku da aka yanke wa hukuncin rataya saboda satar kwanonin azurfa, ya yarda a ba shi guba sa'an nan a ba shi dutsen, in ya rayu a sake shi. Pare ya tarar da shi cikin azaba, ya ɗura masa mai ko zai tsira, amma ya mutu bayan kimanin sa'a bakwai. Sarki ya sa aka jefa dutsen a wuta. Gwaji ne na rashin tausayi wanda ba likitan da zai yarda da irinsa yau. A 1582 kuma Pare ya rubuta littafi yana ƙaryata amfanin garin busassun gawawwakin Masar da ƙahon wata dabbar almara, waɗanda attajirai ke saye da tsada.

Da ya tattara ayyukansa cikin babban kundi a 1575, malaman sashen likitanci na jami'ar Faris suka nemi a hana sayar da shi, a kan cewa wanzami ba shi da ikon rubutu kan magani sai da izininsu. Ba su yi nasara ba. A 1580 ɗaya daga cikin manyansu, Gourmelen, ya rubuta suka ga ɗaurin jijiya, yana kare jan ƙarfe. Pare ya mayar masa da martani a 1585. Da farko ya jero magabatan da suka ambaci ɗaurin, tun daga Jalinusu har Ibn Sina, sa'an nan ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta ɗaya bayan ɗaya, don ya nuna cewa karatu a kan kujera ba ya isar mai fiɗa sai ya haɗa da aikin hannu. Daga wannan martani ne aka fi sanin labarin rayuwarsa.

A 1590 Henri na Huɗu ya yi wa Faris ƙawanya, yunwa ta kashe dubban talakawa. Wani mai rubuta tarihin birnin ya ba da labarin cewa Pare, yana tsoho tukuf, ya tare babban limamin Lyon a kan titi, ya roƙe shi ya nemi sulhu saboda masu mutuwa da yunwa. Ya rasu ran 20 ga Disamba 1590 yana da kimanin shekara 80, aka binne shi a majami'ar Saint-Andre-des-Arts.

Abin Da Ya Biyo Baya

Ɗaurin jijiya bai karɓu nan da nan ba, domin yana cin lokaci, zaren kuma yakan kawo ruɓa. Sai da Petit ya inganta maɗaurin tsai da jini a 1718, Lister kuma ya nuna hanyar kashe ƙwayoyin cuta a 1867, sa'an nan amfaninsa ya cika. A lokacin ne aka gane cewa ƙwayoyin cuta da ƙazantar da harsashi ke shigarwa su ne dafin da Vigo ya zata, tafasasshen mai kuwa kashe nama mai rai yake yi ya ƙara musu wurin yaɗuwa. Likitocin yau ma suna hana shafa mai ko man shanu a sabuwar ƙuna, suna cewa a zuba mata ruwan sanyi mai tsabta kamar minti 20.

Man sarauta kuwa ya fi na tukunya tsawon rai. Henri na Huɗu bai sami shiga Reims ba, sai a Chartres aka shafe shi a 1594 da wani man daban. A 1793 'yan juyin juya hali suka farfasa kwalbar a bainar jama'a, amma an ce an tsirar da ɓurɓushinta, da shi aka shafe Charles na Goma a 1825, wanda shi ne na ƙarshe a Faransa. A Ingila al'adar ta ci gaba, har aka shafe Sarki Charles na Uku a 2023 da man zaitun da aka kawo daga Ƙudus. Majami'ar Katolika kuma, tun 1972, ta mai da shafen ƙarshe addu'a ga duk mai ciwo mai tsanani, ba sai wanda ke bakin mutuwa ba. Shi kuwa Pare, an rushe majami'ar da aka binne shi a farkon ƙarni na 19, amma mutum-mutuminsa yana tsaye a Laval, asibitoci da dama a Faransa kuma suna ɗauke da sunansa.